Ku Tambayi Anti: Sharbat ɗin mutanen Iran da yadda ake haɗa shi a gida in zafi ya taso

Assalamu alaikum 'yan uwa. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓo maganar yadda mutanen Iran suke dafa ruwan suga mai kauri da kayan ƙamshi su zuba a kwalba su ajiye, in zafi ya matsa ko baƙo ya yi sallama sai a tsiyayo kaɗan a kofi a ƙara ruwan sanyi da ƙanƙara, shi ne suke kira sharbat. To tun daga ranar saƙonni suke ta shigowa kamar da bakin ƙwarya, na zaɓo wasu zan amsa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Salam Anti barka da ƙoƙari. Dan Allah wannan da kikace ana yi da khal da na'ana'a ni fa abin ya ɗaure min kai, ya za'ayi mutum ya sha khal kuma yace yaji daɗi? Ki min bayani dalla dalla inaso in gwada, maigidana ya daina shan lemon kwalba kuma ruwa zalla baya isarsa in ya dawo daga aiki.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Sunansa sekanjabin, kuma sunan ma bayanin kansa yake yi, don a Farisanci serke shi ne khal, angabin kuma zuma, wato khal da zuma kenan. Tsohon abin sha ne ƙwarai, Ibn Sina wanda ya rasu a Hamadan a 1037 ya kawo shi cikin littafinsa na likitanci Al-Ƙanun, kinga ba yau aka fara ba. Ni ma farkon da wata baiwar Allah 'yar Shiraz ta miƙo min shi sai da na yi jim, ƙamshin khal ɗin ya fara dukan hancina, amma kurɓa ɗaya na yi na ji maƙogwarona ya buɗe, tsamin da zaƙin sun riƙe juna babu wanda ya danne wani, ga na'ana'ar tana biyo baya da sanyinta. A wajenta na koya kuma har yau awonta nake bi.

Ki samu suga kofi 2, ruwa kofi 1, khal rabin kofi, sai na'ana'a ɗanya babban damƙi guda. Su can khal ɗin inibi suka fi amfani da shi, amma farin khal ko na tuffa duk ya yi. Kar ki ɗora a tukunyar alminiyom saboda tsami yana cinta kuma sai ki ji ɗanɗanon ƙarfe a ciki, ki nemi ta sitil. Ki zuba suga da ruwa ki ɗora a wuta kina juyawa har sugan ya narke, daga nan ki daina juyawa ki barshi ya tafasa kamar minti 10, sannan ki zuba khal ɗin ki rage wuta can ƙasa ki bashi minti 15 zuwa 20. Ki buɗe taga don tururin khal yana shiga ido da hanci, kuma wannan tururin da kike gani shi ne kaifin yake fita, shi yasa wanda aka dafa baya yanka maƙogwaro kamar ɗanye. Yadda zaki gane ya yi, ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan faranti mai sanyi ki karkata shi, in ya gangara a hankali kamar zuma mai ɗumi to ya yi, in ya zuba sharr kamar ruwa ki ƙara masa lokaci.

Na'ana'ar kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, sai su zuba tun farko ta dahu luguf ta yi baƙi ta bada ɗaci. Ki wanketa ki bari ta tsane, ki ɗaure damƙin da zare, sai kin kashe wuta ki tura shi ciki ki rufe tukunyar ki manta da ita har ta huce gaba ɗaya, sannan ki cire ki tace ki ɗura a kwalba mai tsabta busasshiya ki sa a firij. Zai yi miki makonni lafiya lau tunda suga da khal duk masu tsare abu ne daga lalacewa, kuma khal ɗin yana hana sugan komawa ya daskare ya yi tsakuwa a gindin kwalba.

In za'a sha, kashi 1 na wannan ruwan kashi 5 ko 6 na ruwan sanyi, ki ɗanɗana ki daidaita da bakinku. Amma abin da ya ke ƙawata shi shi ne kokwamba, ki gurza ta ƙanana ki zuba cokali 2 a kowane kofi da ƙanƙara da ganyen na'ana'a ɗaya a sama, mutum yana sha yana taunawa. In da zuma kike so kamar na asali to zuma kofi 1, ruwa kofi 1, khal rabin kofi, ki riƙa kwashe kumfan da ke tasowa, sai dai kar a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba don ba'a ba su zuma.

Wani abu kuma da zai baki mamaki, ba sha kaɗai ake yi ba. Suna zuba shi da kaurinsa a ƙaramin kwano su jera ganyen latas mai tsayi a gefe ana tsomawa ana ci, musamman ranar Sizdah Bedar, rana ta 13 bayan sabuwar shekararsu ta Nowruz, tana faɗowa 1 ko 2 ga Afrilu, ranar da iyalai suke fita daji da lambuna su yini a waje. Ki gwada da latas mai sanyi daga firij, gani ya kori ji.

Tambaya: Anti an kawo min tsarabar wasu ƙananan 'ya'ya jajaye jajaye kamar yashi wai sunansu khakshir, na jiƙa na sha sai naji ƙasa gurus gurus a haƙorina na zubar. Lalatattu ne ko haka suke?

Amsa: Ayya ɗiyata ba lalatattu bane, wanki ne basu samu ba. Khakshir irin wata ciyawa ce mai furanni rawaya da ke fitowa da kanta, 'ya'yan ƙanana ne sosai shi yasa in an tara su sai sun haɗo da yashi, khak ɗin da ke farkon sunan ma ƙasa yake nufi a yarensu. Nima na taɓa haɗa jug guda na kai wa baƙi ban rege ba, na ga suna sha suna dakatawa suna taɓa haƙori da harshe, raina ya ɓaci sosai ranar, tun daga nan bana wasa da wankinsa.

Rege shi zaki yi yadda ake rege shinkafa mai tsakuwa. Ki zuba cokali 3 manya a kwanon gilas ki cika da ruwa ki juya da hannu, ki ɗan jira daƙiƙa kaɗan, yashin ya fi nauyi shi zai riga sauka, sai ki tsiyaye ruwan da 'ya'yan a hankali cikin wani kwanon ki bar na ƙasan, zaki ganshi ya kwanta baƙi baƙi a gindi. Ki wanke kwanon farko ki sake juyewa haka, sau 4 ko 5 har ki daina ganin komai a ƙasa. Sai ki jiƙa shi rabin awa a ruwa mai kyau zai ɗan kumbura ya yi santsi. Ki narka suga cokali 4 a ruwa lita 1, ki zuba khakshir ɗin, ruwan wardi cokali 2, ki matse lemun tsami 1, ƙanƙara, shikenan. Yana son komawa ƙasa don haka a sa cokali a kofin mai sha ya riƙa juyawa, in kin juya zaki ga 'ya'yan suna yawo cikin gilas kamar ƙura a hasken rana, abin sha'awa wallahi.

A Iran wannan yana cikin sharbat ɗin da aka fi sani a lokacin zafi, suna ɗaukarsa mai kashe ƙishirwa, kuma suna cewa in an sha shi da ruwan ɗumi yana sassauta ciki mai taurin bayan gida. A watan Muharram zaki ga rumfuna a bakin titi ana raba shi kyauta da manyan tukwane, sadaka ce ta bakance da suke kira nazri.

Yana da abokin tafiya, tokhme sharbati, baƙaƙen 'ya'yan wani ganye dangin ɗoɗɗoya, su kuma minti 10 zuwa 15 a ruwa sun isa su kumbura kowane ɗaya ya yi farar riga mai yauƙi da ɗigon baƙi a tsakiya. Ana haɗa su a kofi ɗaya. Amma dan Allah kar a watsa su a baki a bushe kuma kar a ba ƙananan yara sai sun gama kumbura tsaf, don suna iya maƙalewa a wuya.

Tambaya: Malama na ga kwalabe an rubuta arak a jiki a hoton wani shago na Shiraz, ba giya bace kuwa? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan uwa ka kyauta da ka tambaya. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta gumi, wato abin da ya ɗiga daga tururi, shi yasa a wasu ƙasashe ake kiran wata giya da sunan. Amma waɗannan na shagunan sharbat ruwan tururin ganye da furanni ne zalla, a zuba ganyen da ruwa a tukunya a rufe, tururin ya bi bututu ya huce ya ɗigo, babu abin maye a ciki. Akwai na furen lemu mai ɗaci da suke kira bahar narenj wanda Shiraz ta yi suna da shi, akwai bidmeshk na furen wata bishiya mai ƙamshi, akwai kasni na wata ciyawa mai ɗaci, akwai na na'ana'a. Cokali 2 ko 3 a kofin ruwan sanyi da ɗan suga ya zama sharbat. Duk da haka ka karanta jikin kwalba kafin ka saya.

Tambaya: Anti ni fa ina da ciwon suga, duk abin da kike lissafowa suga ne kofi kofi, mu bamu da rabo kenan? Ko in sa zuma?

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara lafiya ya sa kaffara ne. Zuma ma tana ɗaga suga a jini, kar ki yarda da masu cewa ita babu komai. Amma kina da rabo babba, don abin shan da Iraniyawa suka fi sha da abinci ma ba'a sa masa suga ko ɗigo, sunansa dugh, daga kalmarsu ta tatsar nono.

Asalinsa na makiyaya ne irin Bakhtiyari da Ƙashƙa'i na duwatsun Zagros, su zuba nono mai tsami da ruwa a salka su rataye a kan sanduna uku suna kaɗawa har mai ya taso su kwashe, ruwan da ya rage a sa masa gishiri shi ne dugh. A gida kuwa yogot mara suga kofi 1, wanda ya ɗan yi tsami ya fi, ruwan sanyi kofi 1 da rabi ko 2, gishiri ɗan kaɗan, busasshiyar na'ana'a ƙaramin cokali 1 ki murje ta a tafin hannu ta zama gari. Ki fara kaɗa yogot ɗin shi kaɗai da gishirin har ya yi sumul kafin ki sa ruwa, in kin zuba ruwa tun farko gudaji zai yi. Suna son mai gas ma, akwai wani sananne da ake kira Abali da sunan wani gari kusa da Tehran, in irinsa kike so ki rage ruwan ki cike da ruwan soda a ƙarshe ki juya sau ɗaya da cokali, kar ki sa shi a blanda bayan nan gas ɗin zai gudu. In kin ajiye kika ga ya rabu ruwa a sama fari a ƙasa ba lalacewa ya yi ba, girgizawa kawai zaki yi.

Na'ana'ar nan ba don ƙamshi kaɗai suke sa ta ba. A tsohon tsarin likitancinsu kowane abinci yana da ɗabi'a, ko sardi mai sanyi ko garmi mai zafi, kuma ba zafin wuta ko sanyin firij ake nufi ba. Yogot da kokwamba masu sanyi ne, na'ana'a da zuma da za'afaran da dabino masu zafi, to sai a haɗa wannan da wancan don jiki ya daidaita, in mutum ya cika cin masu sanyi cikinsa ya murɗa sai a bashi shayi da nabat, wato sugan da aka daskarar kamar dutse. Ko mutum bai ɗauki wannan a matsayin magani ba zai yarda cewa a baki haɗin yana tafiya daidai.

Ranar da zafi ya hana cin abinci kuma sai su maida shi ab dugh khiyar, a kwano, dugh mai ɗan kauri da yankakkiyar kokwamba da ganyayyaki da dakakken wolnot, wato wani ɗan itace mai mai kamar gyaɗa, da zabibi da busasshen furen wardi da ƙanƙara, a gutsuttsura busasshen burodi a ciki a sha da cokali. Ke dai ki bar zabibin ki rage burodin, in kuma akwai hawan jini tare to gishirin ma a yi hankali, ki nuna wa likitanki ya faɗa miki iyakarki.

Tambaya: Anti za'afaran ɗin da na saya ina sawa a ruwa nan take ya koma ja jawur kuma babu wani ƙamshi, haka yake? Kuma ruwan wardi wanne ne na sha wanne ne na shafawa?

Amsa: Kayya 'yar uwa, da alama jabu aka baki, rini ne aka yi wa gashin masara ko furen wata shuka daban. Na gaske baya sakin kala da gaggawa, a hankali yake yi kuma ruwan rawaya yake zama mai ɗaukar ido kamar zinare, silin kuma yana nan da jansa ko ya jima a ruwa, bakinsa ɗaya a buɗe kamar kakaki, in kin ɗanɗana ɗaci ɗaci zaki ji ba zaƙi ba. Tsadarsa tana da dalili, kowane fure sili 3 kacal yake bayarwa, sai an tsinke fure wajen 150 kafin a samu giram 1, da hannu, da sassafe kafin rana ta buɗe, a 'yan makonnin ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Kusan kashi 90 cikin 100 na za'afaran ɗin duniya daga Iran yake fitowa, mafi yawa daga yankin Khurasan, garuruwa irin su Ƙa'en da Torbat Heydariye da Gonabad. To duk wanda ya baki shi da arha ki san akwai lauje cikin naɗi.

Daɗin abin kaɗan yake isa. Ki ɗebi abin da yatsu biyu suka kama ki daka a ƙaramin turmi da ɗan suga ya zama gari, ki zuba a kofi ki ɗora ƙanƙara guda 2 a kai ki barta ta narke da kanta, matan Iran da yawa haka suke yi maimakon ruwan zafi kuma na gwada duka biyun, na ƙanƙarar ya fi min kala da ƙamshi. Sai ki dafa suga kofi 1 da ruwa kofi 1 ya ɗan yi kauri, ki sauke, ki zuba ruwan za'afaran ɗin da ruwan wardi cokali 2 da ɗan lemun tsami. Kullum ruwan wardi bayan an sauke ake sa shi, in ya tafasa ƙamshin ya bi iska. Mai juna biyu ta tsaya a ɗan wannan na girki kar ta yawaita.

Ruwan wardi kuwa golab suke ce masa, gol fure ab ruwa. Mafi shahara na Ƙamsar ne da Niyasar kusa da Kashan, inda ake tsinkar furen da suke kira gole mohammadi a watan Mayu zuwa farkon Yuni ana dafawa a manyan tukwanen tagulla. Na sha fari ne tas kamar ruwa, jikin kwalbar babu komai sai ruwa da wardi, in kin ga kala ruwan hoda ko an lissafo gilisarin da turare to na fuska ne kar ya shiga kofi. Kuma ki riƙa sawa da cokali kina ɗanɗanawa, in ya yi yawa sharbat sai ya koma kamar sabulu a baki.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne tambayata ba ta girki bace, tunda kince abin ya daɗe to ina suke samun ƙanƙara a hamada kafin a ƙirƙiro firij?

Amsa: Madalla da wannan tambaya yarona. Ƙasarsu akwai zafi na gaske, a birnin Ahvaz an auna kusan digiri 54 a watan Yuni na 2017, amma tsakiyar ƙasar lokacin hunturu dare yana yin sanyi har ruwa ya daskare, to da wannan suka yi dabara. Suna gina abin da ake kira yakhchal, yakh ƙanƙara chal rami. Za'a ja doguwar katanga mai tsayi daga gabas zuwa yamma, a gefenta na arewa inda rana bata sauka a haƙa kwatami marasa zurfi, a sako musu ruwa daga ƙanat, wato magudanar da suke haƙawa ta ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin dutse. Cikin dare ruwan ya daskare, kafin gari ya waye a farfasa a kwashe a kai cikin wani babban rami da aka rufe da gini mai tsini kamar an kifa mazurari, ana jerawa ana shimfiɗa ciyawa tsakani. Bangon ginin kauri gareshi sosai daga ƙasa, iska mai zafi kuma tana tashi ta fice ta ƙofar da ke can ƙololuwa, sai ƙanƙarar ta kai har tsakiyar bazara ana fito da ita ana sayarwa. Har yanzu akwai irinsu a tsaye a Meybod da Abarkuh da Kerman mutane na zuwa kallo, kuma har gobe in Ba'iraniye zai ce firij yakhchal yake cewa. Da irin wannan ƙanƙarar ake yin falude na Shiraz, siraran taliyar sitaci cikin ruwan suga da wardi mai rabin daskarewa, a matsa lemun tsami a kai.

Tambaya: Anti in baƙi sun zo ba shiri kuma ban dafa komai na ajiye ba fa?

Amsa: In akwai shammam a gida kin tsira ƙanwata, su talebi suke ce masa. Ki zaɓi wanda ya nuna yana ƙamshi ta wajen gindi, ki raba biyu ki kwashe 'ya'yan, sai ki kankare naman da cokali ko ki gurza shi cikin kwano da duk ruwan da ya fita, kar ki markaɗa ya zama ruwa, daɗinsa mutum ya riƙa jin 'yan gutsattsarin a baki. Suga cokali 1 ko 2 gwargwadon zaƙinsa, ruwan wardi ƙaramin cokali 1, dakakkiyar ƙanƙara da yawa, ki juya ki zuba a kofuna ki sa cokali a kowanne. In babu shammam ki matse lemun tsami 4 a jug, ki narka suga a ɗan ruwan ɗumi tukuna don baya saurin narkewa a ruwan sanyi, ki haɗa ki cika da ruwa da ƙanƙara, amma wannan a sha shi a lokacin, in ya kwana ɗaci yake yi.